Geron Inna a Bangon Gidan Nuni

Shekarar da Najeriya ta rufe iyakarta, motocin Kano suka daina hawowa Damargu, ita ce shekarar da damina ta yaudare mu. Ruwa ya sauka, muka yi shuka, gero ya fito har ya kai tsawon ɗan yatsa, daga nan sama ta bushe. Kafin kaka ta zo, gonakin ƙauyenmu, can tsakanin Tanut da Olelewa, sun koma fili, ko karan da akuya za ta ja babu. Ina da mata da yara uku a lokacin, ga kuma Inna, mahaifiyata, da ke tare da mu tun rasuwar babanmu.

A gidanmu ba a shuka iri duka. Haka Inna ta tarar wajen surukarta, haka ta riƙe. Duk kaka ita ke riga masu yanka shiga gona, ta zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ta ɗaure daban, ta rataye can ƙololuwar rumbu. In damina ta zo sai ta ba mu rabi, ta hana rabi. Geronmu gajere ne, irin wanda ake ce wa ankutes, kansa bai wuce taƙi ɗaya ba, ga kauri kamar damtsen yaro. Mutanen kudu in sun gani dariya suke yi. Amma yana nuna da wuri, ruwa kaɗan ya ishe shi, kuma namu na gida ya saba da jigawarmu tun kakanni. Abin da Inna ta hana mu a waccan shekara ɗauri bakwai ne. Shi kaɗai ya rage a rumbu.

Da rani ya kama sai ƙauye ya fara watsewa. Ni na tafi Tanut neman aikin ƙarfi, nan na ci karo da taubashina, ɗan gwaggona da aka aurar Damagaram. Magini ne, hannunsa ya iya zanen bango. Yana hango ni ya ce, "Kai, bawana! Yunwa ce ta koro ka birni?"

Na ce, "Tanut ce birni? Lallai Damagaram ta lalace."

Ya rungume ni, ya ji ƙasusuwana, bai sake wasa ba ranar nan. Washegari ya kai ni wajen ubangidansa.

Ubangidan wani Alhaji ne, ɗan kasuwa daga Damagaram. Ya sayi fili a gefen gari da niyyar gina gidajen siminti ya sayar wa ma'aikata. Gida ɗaya ya ɗaga ya yi wa rufin kwano, ya sa tagogin gilashi, sai aka rufe iyaka. Fenti da katakon rufin ciki da duk kayan ƙawa daga Kano suke zuwa, suka yanke. Masu saye kuwa akwai su, don yunwar da ta kore mu ita ta jawo ma'aikatan agaji garin, ga kuma masu dawowa daga aikin ma'adinai a arewa da ɗan abin hannunsu. Alhaji ya ce a gyara wannan ɗayan ya zama gidan nuni. Ba mai kwana ciki. Mai son saye ya zo ya duba, in ya yi masa, a gina masa irinsa. Ni aka ɗauka gardi, ni ke shara, ni ke riƙe makulli.

Da taubashina ya rasa fenti sai ya juya ga daji. Ya aika aka ɗebo masa jar ƙasa da farar ƙasa da wata mai ruwan ɗorawa daga kwarin Tarka, ya shafe bangon babban ɗaki da su hawa-hawa, kamar yadda gaɓar kwari take in ruwa ya zaizaye ta. Ƙarƙashin kwano ya shimfiɗa zana. Gamba ba ta fito ba a shekarar, don haka zanar daga shingen gidajen da aka gudu aka bari ya samo ta. Ya kafa busasshen reshen aduwa a kusurwa, ya kankare shi har ya yi fari. Ya shimfiɗa tabarmin kaba. A wata kusurwar ya yi ɗan kwarmi ya dafe da siminti, ya zuba farin yashi da tsakuwa, ya cika da ruwa, ya ce tafki ne. Bango ɗaya kuma ya bar shi da ɗanyen yumɓu, bai shafe da kome ba.

Na ce, "Wannan fa, ƙarfinka ne ya ƙare?"

Ya ce, "Wannan naka ne, bawa. Kullum da safe da kuma azahar ka tsoma tsintsiya cikin ruwa ka yayyafa masa, ka rufe ƙofa da tagogi. Mai saye in ya shigo, ido zai yi ta neman aibi. Hanci kuwa da ya ji ƙamshin ruwan farko, ya koma gidan uwarsa."

Na gwada a gabansa. Muka rufe ƙofa, muka ɗan jira, muka buɗe. Wallahi sai da na ɗaga kai na dubi sama.

Abu ɗaya ya rage masa. Bangon da ke kallon babbar taga ya bar shi fili, yana son ya rataya zangarniyar gero. Ya zaga kasuwar Tanut, ya aika Balbeji, bai samu ko ɗaya ba. Wa zai bar gero a kansa a wannan shekara?

Ran nan na koma ƙauye don in kwaso iyalina, mu yi bukka a gefen Tanut inda ake rabon dawa. Na tarar da Inna zaune a gindin rumbu da hantsi, ba ta aikin kome. Ban saba ganinta haka ba. Na gaishe ta, na durƙusa. Ta buɗe tafin hannunta, sai ga ƙaiƙayi.

Ta ce, "Jiya ƙaramar ƴarka ta yi ta kuka. Ban san lokacin da na hau rumbu ba. Na murje rabin zangarniya na ba ta."

Na ce, "Ai ba kome, Inna."

Ta ce, "Da kome. Ƙwaro na san maganinsa. Ɓera na san maganinsa. Ɓarawo ma a yi masa ƙaya. Hannuna ne ban san yadda zan yi da shi ba. In muka tafi da irin nan cikin bukka, yara na kallonsa, ba zai ga damina ba. In muka bar shi nan, ba zai kwana uku ba."

Don in ɗan sauƙaƙa mata rai na ba ta labarin gidan da nake gadi, da yadda ɗan ƴar'uwar mijinta ke yawon neman gero don ya yi wa bango ado. Na ɗauka za ta yi tsaki. Sai ta ɗago kai.

"Ba mai kwana ciki?"

"Babu."

"Ba murhu?"

"Akwai wurinsa, amma ba a taɓa hura wuta ba."

"Turmi fa?"

"Babu turmi."

"Yara?"

"Ba sa shiga."

"Makulli wajen wa yake?"

Na taɓa aljihuna. Ta tashi ta karkaɗe zane, ta ce in kawo jaki.

Ita da kanta ta je gaban Alhaji. Ta ce masa ba sayarwa ba ne, ba kyauta ba ce, ajiya ce, ranar da ruwa ya sauka za ta zo ta karɓi abinta. Alhaji ya ce, "Inna, na ji. Amana ce, Allah na gani." Ya juya ga taubashina ya ce, "Kai kuma in na ga bakinka na motsi kusa da bangon nan, Damagaram za ka koma a ƙasa." Taubashina ya ce shi ba ya cin abincin tsuntsaye, wannan sai mutanen Damargu.

Ya rataye ɗaurin nan bakwai da igiyar kaba, uku sama huɗu ƙasa, a kan jar ƙasar bango. Da rana ta karkata sai haske ya shigo ta gilashi ya faɗa musu. Ban taɓa sanin geronmu na da kyau ba sai ranar. A rumbu cikin duhu yake, a gona kuma ba ka da lokacin kallo. Inna ta tsaya tsakiyar ɗaki da takalmanta a hannu, ta dubi zana, ta dubi tafkin, ta duba kusurwoyi ko akwai hanyar gara, ta buga bango da yatsa ta ji tauri. Lokacin sanyi ne, ɗakin da daɗi. Ta ce, "Rumbun masu kuɗi ke nan." Ta fita.

Watanni suka yi ta tafiya. Iyalina na bukka cikin ɗaruruwan bukkoki, muna cin jar dawar rabo da ƴaƴan anza na daji da matata ke jiƙawa har ɗacin ya fita. Ni kuma kullum ina cikin ɗakin da ke ƙamshin damina. Masu saye suna zuwa, wasu da matansu. Na lura da su. Suna shigowa da magana a baki, sai su yi shiru. Wani ma'aikaci ya tsaya gaban geron ya daɗe, ya ce mahaifinsa manomi ne a wajen Magarya. Ya ce zai sayi gidan nan yadda yake, kada a cire ko tsinke. Alhaji ya ce gidan nuni ba na sayarwa ba ne tukuna, ko da na sayarwa ne, abin da ke bangon nan yana da mai shi. Mutumin ya matsa, Alhaji bai motsa ba.

Akwai kuma waɗanda ba saye ya kawo su ba. Labari ya bazu cikin bukkoki cewa akwai wani ɗaki da damina ba ta ƙare ba a cikinsa. Wani dattijon Buzu, wanda dabbobinsa suka ƙare a hanyar Tenhiya, ya zo da la'asar ya tsaya nesa da ƙofa. Da ƴar Hausarsa ya ce ba roƙo ya zo ba, an ce masa akwai ƙamshi. Na dubi hanya, ba kowa. Na buɗe ƙofa kaɗan. Ya sassauta rawani daga hancinsa, abin da ba su cika yi gaban baƙo ba, ya shaƙa, ya rufe ido. Ya hango geron ta bayan kafaɗata. Ya mayar da rawani, ya yi godiya, ya tafi. Bayansa wasu sun zo, mata da tsofaffi. Ban hana kowa shaƙa ba, ban bar kowa ya tsallake dokin ƙofa ba.

Inna ba ta sake zuwa gidan ba, don ƙafafunta sun kumbura, tafiya ta gagare ta. Amma duk yamma in na koma bukka tambayarta ɗaya ce, kuma a jere take yin ta.

"Ƙwaro?"

"Babu."

"Ɓera?"

"Babu."

"Gara?"

"Babu, Inna."

"Hannu?"

"Ba wanda ya taɓa."

"Har naka?"

"Har nawa."

Sai ta ce alhamdu lillahi, ta juya ta kwanta. Waɗannan huɗun su ne abokan gabar iri da ta sani, su na sani, su kakanninmu suka sani.

Da bazara ta shigo sai ɗakin ya canja. Kwano ya ɗauki zafi, yumɓun na shanye ruwa nan da nan, ƙamshin ba ya daɗewa, don haka na ƙara yawan yayyafi. Ruwan tafki yana raguwa kullum, ina cikawa. In na buɗe ƙofa da azahar sai wani tururi ya bugi fuskata kamar an buɗe tukunya. Gilashi yakan yi gumi daga ciki. Ƙofar katako ta kumbura har sai na sa kafaɗa. Tabarmi suka fara baƙin ɗigo a gefe, na fitar da su na shanya. Geron kuwa na duba shi ɗauri ɗauri, yana nan cif, ba huda, ba gari a ƙasa, har wani sheƙi ya ƙara. Na yi murna da shi. Rumbunmu na kara ne, iska na ratsa shi ta kowane gefe dare da rana, ban taɓa tunanin wannan iskar wani aiki take yi ba. Na ɗauka rumbu na da huda ne don mu talakawa ne.

Ruwan farko ya sauka da ƙarfi, har kwari ya kawo. Tun kafin ƙasa ta tsane na je wajen Alhaji. Bai bari na buɗe baki ba, ya ce, "Je ka sauke wa Inna kayanta." Taubashina ya hau ya kwance da hannunsa, ya ƙirga mini bakwai, ya ce, "Ka gaya wa Inna ɗan Damagaram bai ci amana ba. In an yi kaka a aiko mini da fura, in ga abin da kuke yi wa wannan wahala." Jakinmu ya riga ya mutu, sai Alhaji ya sa motarsa ta kai mu ƙauye da iyali duka.

Matata ta sussuka, ta sheƙe. Tsaba ta fito fes. Inna ta ɗebi tafi ɗaya ta kai hanci, ta daɗe, ta sake kaiwa. Na ce, "Lafiya, Inna?" Ta ce, "Hancina ne ya tsufa." Muka fita da sungumi, ina sara, matata da babban yaron na zubawa suna rufewa da ƙafa. Muka shuka babbar gona da ta gefen kwari. Wannan karon Inna ba ta hana rabi ba. Ta ce irin ya kwana biyu, a ba ƙasa duka.

Maƙwabtanmu, waɗanda suka cinye nasu irin tun da rani, sun karɓi na rabo, wani dogon gero daga kudu. Aka sake ruwa mai kyau. Gonakinsu suka yi kore layi layi. Tamu shiru. Na ce namu ya sha wuya, yana nawa ne. Na ƙara jira. Da na ga na maƙwabta ya fara ganye na uku sai na durƙusa na tona rami ɗaya. Tsabar tana nan, ta kumbura, ta yi baƙi, ina matsawa ta fashe kamar ɗanyen ƙullu. Na tona na gaba, haka. Na bi layi har ƙarshe ina tonawa. Can gefen kwari na sami ƴan tsiro jefi jefi, sirara, kamar ba su yanke shawarar zama ba.

Na ɗebo ruɓaɓɓen a hannu na kai wa Inna. Ta duba, ta sa na zauna. Ta ce in gaya mata duk abin da nake yi a ɗakin nan daga safe zuwa yamma, kada in bar kome. Na faɗi shara, na faɗi shanya tabarmi. Na faɗi tsintsiya da ruwa, da rufe ƙofa, da tururin azahar. Ban taɓa gaya mata ba a da, don ba ta tambaya ba, ni kuma ban ga abin faɗi a ciki ba.

Ta ce, "Kullum ana gaya masa damina ta zo. Ya farka, ya ga ba ƙasa, ya koma. Gobe a sake gaya masa. Ko mutum ne ai ya gaji."

Na ce, "Da na sani, Inna."

Ta ce, "Ina za ka sani? Ni na kai shi. Na duba ƙasa, na duba bango, ban duba iska ba."

Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma haka.

Muka je muka karɓi irin rabo, muka maimaita shuka a makare. Damina ta yi kyau a shekarar, dogon geron ya ba da abin da ya ba da, ba mu kwana da yunwa ba. Amma a shekarun da suka biyo, duk lokacin da ruwa ya ɗauke da wuri, yakan tsaya da kai fanko, a inda namu da tuni ya nuna.

Ƴan tsiron gefen kwari na kewaye su da ƙaya. Waɗanda suka rayu sun yi kai, gajeru masu kauri, na gane su tun daga nesa. Aka ɗauki Inna a kan jakin aro ta je ta yanke su da hannunta, ba su cika ɗauri ɗaya ba. Sai dai sun yi fure a tsakiyar dogon gero ta kowane gefe, gero kuwa yana aure da maƙwabcinsa. Da muka shuka su a damina ta gaba, wasu suka fito dogaye, wasu tsaka-tsaki. Inna ta yi ta zaɓen gajerun har kaka biyu, sannan ta rasu. Matata ta ci gaba da zaɓe. Daga baya na samo ankutes a kasuwar Olelewa, mai kyau ne, muna shuka shi har yau. Amma wanda ya ci tuwon namu ya san ba shi ba ne.

Tun a waccan kakar ta farko, da taubashina ya ji labari ya zo har ƙauye. Ya durƙusa gaban Inna, bai kira ni bawa ba ko sau ɗaya a wannan zuwan. Ta sa aka dama masa fura da dogon gero, ta ce ya sha, alkawari ne. Gidan nuni kuwa an sayar da shi bayan an buɗe iyaka. Wanda ya saya ya kankare jar ƙasar, ya yi fenti shuɗi, ya cike tafkin. Nakan wuce ta wurin in na shiga Tanut.

Abin da ya fita daga hannunmu tsakanin waccan damina da wadda ta biyo ta shi ne awaki tara, tumaki biyu, jaki ɗaya, da rumbu ɗaya da muka warware muka ba dabbobi karansa kafin su mutu. Cikin mutanen gida ba mu binne kowa ba. Iri kuma ɗauri bakwai aka rataya, bakwai aka sauke, ban da rabin zangarniyar da ƙaramar ta ci.